Yini Guda a Bakin Teku: Tambayoyin da Ake Yawan Yi Mana Kan Tafiyar Badagry

Akwai mutanenmu da suka shekara ashirin a Legas, sun san Mile 12 lungu da saƙo, suna iya faɗa maka kuɗin kwandon tumatir tun mota ba ta gama tsayawa ba, amma ƙafarsu ba ta taɓa taɓa ruwan teku ba. Iyakar saninsu da ruwa shi ne wanda suke hangowa ta tagar danfo a kan gadar Third Mainland, shi kuwa wannan tafkin Legas ne, teku yana can gaba. Abin da ya sa ke nan mu 'yan unguwa a Agege muka fara haɗa kuɗin mota lokaci-lokaci, mu kwashi duk mai sha'awa mu nufi Badagry da asuba, mu dawo da dare. Kowace tafiya tambayoyin kusan iri ɗaya ne, har bakinmu ya gaji da maimaitawa a waya, shi ne muka tara su wuri guda.

Wai me ake zuwa gani ne? Ba ruwa ne kawai ba?

Ruwan ma abin kallo ne ga wanda ya tashi a Gumel ko Illela. Amma shi ne na ƙarshe a jerin. Kafin a kai gare shi ana shiga gidajen tarihi uku da ke kusa da juna a bakin ruwan garin, inda aka ajiye kayan zamanin da jiragen Turawa ke zuwa lodin bayi. Ana tsayawa a tsohon benen 'yan mishan, a ga wurin da tsohuwar kasuwar bayi ta Vlekete take, sannan a shiga kwalekwale a haye zuwa tsibirin Gberefu, a taka da ƙafa har gaɓar tekun Atlantika, wurin da ake kira Point of No Return, wato mashigar da in an bi ta ba a dawowa.

Ina ne Badagry ɗin, kuma tafiyar awa nawa ce?

Tana yamma da Legas a kan hanyar Kwatano, dab da iyakar Seme. Daga Mile 2 kusan kilomita 60 ne. Ana bi ta Festac, Trade Fair, a wuce Alaba Rago da aka sani da 'yan'uwanmu masu tumaki, a wuce jami'ar jihar Legas da ke Ojo, Okokomaiko, Agbara, sai Badagry. Nisan ba wani abu ba ne, da a hanyar Kano zuwa Wudil ne da ba a kira shi tafiya ba. Matsalar gosulo ce. Ranar da hanya ta yi kyau awa biyu sun isa daga Agege, ranar da ta ƙi kuwa sai a yi huɗu ana kallon bayan tirela ɗaya.

Akwai kuma jiragen ruwa masu inji da ke bin rafin Badagry daga ɓangaren Apapa da Mile 2. Sun fi sauri, amma ba ma ɗora ayari a kansu, don rabin mutanenmu in suka ji an ce awa guda a kan ruwa, nan take tafiyar ta fita ransu.

Malam, dole ne sai da asuba? Ina da shago.

Dole ne, Alhaji. Ana idar da sallar asuba mota ke tashi, ba ma jiran kowa. Mun taɓa jiran mutum ɗaya da ya ce gashi nan a bakin layi, ashe bai ko yi wanka ba. Minti arba'in ɗin da muka ba shi sai da suka zama awa biyu a Iyana Iba, muka isa tsibiri rana na tsakiyar ka, yashi na ƙona tafin ƙafa ta cikin silifa. Tun daga ranar muka daina kunya. A bar wa yaro shagon. Asabar muke tafiya, ba ma sa Juma'a.

Me ke cikin gidajen tarihin?

Na farko shi ne babban gidan tarihin Badagry, wani tsohon gini da aka yi a 1863, wanda ofishin Baturen mulki ne a da. Shi ne ya fi tsari. Ɗaki-ɗaki ake bi, daga yadda ake kamo mutane a cikin ƙasa, zuwa yadda ake jera su a cikin jirgi, zuwa gonakin rake da aka kai su, zuwa hana cinikin. Akwai zanen cikin jirgin bayi da ke nuna mutane kwance a jere kamar an shirya itace. Yawanci a gaban wannan zanen surutun ayari ke ɗaukewa.

Na biyu na gidan Mobee ne, ɗaya daga cikin gidajen sarautar garin, ƙaramin ɗaki ne amma shi ya fi tsayawa a rai, saboda nan ake ba ka ƙarfen ka riƙe da hannunka. Akwai sarƙar wuya, akwai mari na ƙafa, akwai na yara, akwai kwaɗon da ake huda leɓe a rufe baki da shi. Akwai wani babban kwano na ƙarfe da ake zuba wa mutane ruwa su durƙusa su sha hannuwansu a ɗaure. Mai gidan kan ce wa zai gwada sa sarƙar. A wata tafiya wani matashi mai dakon buhun albasa a Mile 12, wanda ke ɗaukar buhu guda a ka yana waya, ya fito yana dariya aka rataya masa. Bai yi minti ɗaya ba ya ce a cire. Da muka fito na ga yana ta shafa ƙashin wuyansa, har muka shiga kwalekwale bai ce uffan ba.

Na uku shi ne gidan Seriki Abass, wanda ake kira kurkukun 'yan Burazil. Tsakar gida ce da ƙananan ɗakuna kewaye, kowanne da 'yar taga ɗaya can sama, inda ake tsare mutane kafin jirgi ya iso. Masu jagora na gidan kan ce mutum arba'in ake cusawa a ɗaki guda. Ka shiga kai da mutum biyar a ja ƙofa, za ka gane abin da ake nufi. A nan ne kuma ake nuna kayan da aka karɓa a madadin mutane: tangaran, kwalaben barasa, igwa, da wata tsohuwar laima da suke cewa mutum arba'in aka bayar a kanta. Laima dai, irin wadda ake riƙa wa sarki.

To ai wannan tarihin Yarabawa da Turawa ne. Mu me ya shafe mu?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a yi mini, kuma saboda ita ce nake wahalar haɗa tafiyar nan.

Da farko ma Badagry garin Ogu ne, waɗanda ake kira Egun, sarkinsu ana ce masa Akran, harshensu ya fi kusa da na mutanen Kwatano fiye da Yarabanci. Amma bar wannan. Su mutanen da aka ɗaure da sarƙoƙin nan, daga ina aka kawo su? Ba 'yan garin ba ne. Daga cikin ƙasa ake gangaro da su, ta hannun fataken daular Oyo, kuma da yawansu daga Arewa suka fito. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804 sun jefa dubban mutane a hannun masu kamu, na wannan ɓangare da na wancan, wasu aka yi ta sayar da su hannu zuwa hannu, ta Nufe da ƙasar Yarabawa, har bakin ruwa. Daga tashoshin wannan gaɓa, Badagry da Ikko (wato Legas) da Porto-Novo da Wida, jirage suka kwashe su zuwa Bahiya a ƙasar Burazil.

Can ma ba su ɓace ba. A 1807 hukumomin Bahiya sun gano shirin tawaye da Hausawa bayi suka kitsa, wasu tawayen suka biyo baya a shekarun da ke gaba. A watan Janairu na 1835, cikin azumin Ramadan, Musulmi bayi da 'yantattu suka yi babban bore a Salvador, babban birnin Bahiya. Yawancinsu Yarabawa ne, amma da Hausawa a ciki. An samu layu da takardu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Mutum ya haye teku a ɗaure, an raba shi da sunansa, amma karatun allonsa na nan a kansa. Ingila ta haramta cinikin a 1807, sai dai jirage sun ci gaba da satar hanya zuwa Burazil har wajen 1850, bautar kanta ba a soke ta a can ba sai 1888.

Ga wata igiyar kuma da ta ɗaure Badagry da Sakkwato. Baturen nan mai yawon binciken ƙasashe, Kilafatan (Clapperton), wanda ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824 bayan ya ratso Sahara, da zai koma karo na biyu ta Badagry ya sauka, a ƙarshen 1825. Daga nan ya taka har Kano, ya wuce Sakkwato, can ya rasu a watan Afrilun 1827. Yaronsa Richard Lander shi ya juyo da takardunsa ya sake fitowa ta Badagry. Tafintan da ya raka su Bahaushe ne, Abubakar, wanda Turawa ke kira Pasko. Shi ma an taɓa sayar da shi, jirgin yaƙin Ingila ya ƙwato shi a teku, ya yi aikin jirgi, sannan ya dawo ya nuna musu hanyar ƙasarsu. A 1830 Lander ya dawo da ƙanensa, suka sake farawa daga Badagry, suka je Busa, suka bi kogin Kwara har inda ya faɗa teku.

Har sojan Najeriya ma tushensa na nan kusa. A 1863 Gwamna Glover ya tara Hausawan da suka gudo daga hannun iyayengijinsu a Legas ya kafa 'yar rundunar da aka riƙa kira Hausawan Glover, daga ita rundunar ta yi ta girma. Saboda haka zaman Bahaushe a bakin ruwan nan ya girmi kasuwar Mile 12 nesa ba kusa ba, ya girmi jirgin ƙasan da ya kawo kakanninmu fataucin goro Agege.

Abu ɗaya nake roƙon ayari kullum: kada a tsaya a gaban sarƙoƙin ana tsine wa Bature shi kaɗai. Bature ya saya, gaskiya ne. Amma wani ne ya kamo, wani ya kora, wani ya karɓi laima. A cikin masu kamun da masu korar akwai masu jin harshenmu.

Shi Seriki Abass ɗin Bahaushe ne? Sunan ya yi kama.

A'a, Bayarabe ne daga ƙasar Yewa. Sarautar ce aka aro daga wajenmu, Seriki Musulumi, wato sarkin Musulmin garin. Labarinsa mai ɗaure kai ne: shi kansa an kama shi yana yaro an sayar, ya ɗauki sunayen iyayengijinsa, Abass da Williams, daga baya ya zama babban attajiri mai tsare bayi, kuma jigo a masallaci. Ya rasu a 1919, kabarinsa na cikin gidan. Jikokinsa ne ke zaune a wurin har yau, za ka ga shanyar kaya da tukunya a kan murhu a tsakar gidan da kake zagayawa. A yi sallama, a kama baki, gidan mutane ne.

Da gaske ne a can benen farko na Najeriya yake?

Haka aka rubuta a jikinsa, haka kuma ɗan jagora zai faɗa da ƙarfinsa. 'Yan mishan na cocin Ingila ne suka gama shi a 1845, kuma ana nuna ɗakin da Samuel Ajayi Crowther ya zauna, wanda ya yi aikin juya Baibul zuwa Yarabanci. Duk tafiya sai an samu Bakatsine ya ɗaga hannu ya tambayi ina aka bar hasumiyar Gobarau, Bakano kuma ya kawo zancen sorayen birni. Suna da gaskiya. Abin da ya dace a ce shi ne bene na farko irin ginin Turawa. Ku faɗi hakan cikin raha in kun so, amma kada a mai da shi musu, yaron da ke bayani abincinsa yake nema. Ginin ƙarami ne, matakalar katako ce, minti ashirin sun isa.

Kusa da nan akwai alamar inda bishiyar Agia take, wadda a ƙarƙashinta wani ɗan mishan, Thomas Birch Freeman, ya fara wa'azin Kirista a 1842. Bishiyar ta faɗi a 1959. Wucewa kawai muke yi.

Ni fa ina tsoron ruwa. Ba yadda za a yi a je tsibirin da mota?

Daga bakin garin kwalekwale ake shiga, amma hayin gajere ne, kana hango ɗaya gaɓar tun kafin ka shiga, 'yan mintoci ne an isa. Ruwan rafi ne mai kwanciya, ba igiyar teku. Sharuɗɗanmu uku ne kuma ba ma sassautawa. Kowa ya sa rigar ruwa ya ɗaure igiyoyinta, ba a rataya ta a kafaɗa kamar gyale ba. Dokar hukumar ruwa ta jihar Legas ce ma, ba tamu kaɗai ba. Ba a miƙewa tsaye a cikin jirgi don ɗaukar hoto. In mai jirgi ya ce a ƙara mutum biyu a kan adadin kujeru, mu ba ma shiga, gara a yi sawu biyu.

Masu babbar riga, a naɗe ta a bar ta a mota. Rigar ruwa ba ta zama a kan malum-malum, in kuma tsautsayi ya faru yadin nan shi zai ja mutum ƙasa. Wanda zuciyarsa ta ƙi sam, ya zauna a inuwa a bakin ruwa ya jira mu, ba abin kunya ba ne. Wata Hajiya ta yi haka, muka dawo muka tarar ta gama cinikin busasshen kifi da matan wurin, ba ta jin yarensu ba sa jin nata.

In an haye, sai me?

Sai tafiya a ƙasa, kamar minti ashirin zuwa talatin, a kan hanyar yashi tsakanin itatuwan kwakwa. Wannan ce hanyar da aka bi da bayin. Akwai 'yan acaɓa ga wanda ƙafarsa ba ta da ƙarfi, amma mai iko ya taka. A tsakiyar hanya akwai wata tsohuwar rijiya. Abin da mutanen wurin ke faɗa shi ne an yi mata asiri, duk bawan da aka ba shi ruwanta sai ya manta gida ya daina gardama. Ko asiri ne, ko wani abu ake zubawa, ko kuwa yunwa da gajiya ne suka kashe wa mutane jiki, kowa da abin da zai ɗauka. Ba a shan ruwan dai.

Tun kafin ka ga tekun za ka ji shi, wani gurnani kamar manyan motoci na wucewa a nesa ba sa ƙarewa. Sai hanya ta ɗan hau tudu, itatuwa su buɗe, sai ga shi. Babu gaɓa a ɗaya gefen. Wani dattijo mai sayar da goro da muka je da shi ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya cire hularsa ya riƙe don iska, sannan ya juyo ya tambaye ni a hankali, “Malam, to su da aka sa a jirgi, sun san inda za a kai su?” Ban ba shi amsa ba, shi ma bai jira ba. Ya ɗaga hannu ya yi musu addu'a, muka shafa.

Za a iya wanka a tekun?

A'a. Ko ka iya iyo a kogin Hadeja ko dam ɗin Tiga, wannan daban ne. Gaɓar Legas tana da igiya mai ƙarfi da wani ja na ƙarƙashi: ruwan da ya bugo gaɓa in zai koma sai ya kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka ya tafi da kai. Babu masu ceto a wurin. Iyakarmu idon sawu, yara kuma hannunsu na cikin na babba. Kada a juya wa ruwa baya ana hoto, igiya ba ta sallama.

Salla fa? Da abinci?

Akwai masallatai a cikin garin, Musulmi na da yawa a Badagry. Mukan yi azahar a gari kafin hayi ko bayan an dawo, ya danganta da yadda hanya ta yi mana. In lokaci ya kama mu a tsibiri, a tafi da buta da ruwan leda. Alƙibla ba wuya: ka juya wa teku baya, sannan ka karkata hannun dama sosai, gabas mai ɗan jirkicewa arewa. Masu tambayar ƙasaru, a mazhabarmu tafiyar sai ta kai mil 48, kowa ya tambayi malaminsa tun a gida, kada a zo ana fatawa a cikin mota.

Abinci kuwa mun fi son kowa ya taho da nasa. Dambu, ƙosai da burodi, soyayyen nama, abin da ba ya lalacewa a zafi. Fura da nono ba ta kai azahar a motar da ba sanyi, an gwada. A can za a samu gasasshen kifi da soyayye, halal ne ba shakka, sai dai a tambayi kuɗi kafin a ci. Kwakwa kam kada a dawo ba a sha ba, garin ya shahara da ita. Ɗanya ake sarewa a gabanka ka sha ruwan, a fasa maka ka kankare na cikin.

Zan iya zuwa da iyali?

Sosai. Mata na da kujerunsu a mota, kuma mukan samu wata babba ta kula da ɓangarensu. Hajiya, a sa takalmi mara tsini, a kuma kama hijabi da fil, iskar bakin teku ba ta da kunya. Yaran da suka kai shekara tara ko goma su ne suka fi amfana, suna dawowa da tambayoyin da iyayen ma sai sun yi tunani. Ƙanana sosai wahala ce kawai, gare su da uwar. Mai ciki da tsoho mai ciwon gwiwa su tsaya a gidajen tarihi, su bar hayin.

Nawa ne kuɗin?

Ba ma rubuta adadi, domin kuɗin mai ba ya zama wuri ɗaya, abin da muka faɗa yau gobe ya zama ƙarya. Ga dai inda kuɗin ke tafiya: hayar mota zuwa da dawowa, wadda ita ce mafi tsoka, kuɗin shiga, kowane gidan tarihi da nasa daban, kwalekwale, sai ɗan jagora. Ana raba jimillar a kan yawan kujeru, a sanar kwana uku kafin tafiya. A riƙo tsabar kuɗi ƙanana a aljihu don acaɓa da kwakwa da ɗan alheri ga masu bayani. Kada a dogara da tura kuɗi ta waya, sabis na yawan ɗaukewa a tsibiri.

Sai da ɗan jagora? Ba zan iya zagawa da kaina ba?

Za ka iya, amma za ka ga ƙarfe ne da tsatsa kawai. Kayan ba su da dogon rubutu a jikinsu, labarin na bakin mutanen wurin. Da Turanci ko Turancin buroka suke bayani, ɗayanmu na juyawa zuwa Hausa. Kana sauka daga mota matasa za su kewaye ka kowa na cewa shi ne jagora. A daidaita da mutum ɗaya, a yanke kuɗi da wuraren da zai kai ku tun kafin a ɗaga ƙafa. Kuma a saurara da kunne biyu. Wani abin tarihi ne da ke rubuce, wani kuma labarin kaka da kakanni ne da ya sha gishiri a hanya, musamman in aka zo lissafin shekaru da adadin mutane.

An ce akwai shingaye da yawa a hanyar.

Akwai, musamman daga Agbara zuwa gaba, saboda hanyar iyaka ce. Kowa ya riƙo katin shaidarsa na ɗan ƙasa, ko katin zaɓe, ko lasin tuƙi. Wanda ya fito daga Nijar ya taho da takardunsa cikakku. In an tsayar da mota mutum ɗaya ke magana, saura a yi shiru. A dawowa kuma kada wani ya ce ya ga shinkafa 'yar waje da araha zai saka a but. Buhu ɗaya na iya zaunar da mutum goma sha takwas a bakin titi har isha.

Wane lokaci ne ya fi dacewa a shekara?

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Yuni da Yuli ruwan sama ba ya ɗaga ƙafa a Legas, ba ma zuwa. Cikin azumi ma ba ma zuwa, tafiyar yashin nan da ƙishirwa ba ƙaramin abu ba ne.

Ni jiragen ruwa nake son gani, manya. Akwai su a can?

To kai Tarkwa Bay ya kamata ka nufa, ba Badagry ba, kuma ba a haɗa su rana ɗaya. Wani yanki ne a bakin mashigar tashar jiragen Legas, ba a zuwa sai ta ruwa, kamar minti ashirin daga Marina. A hanya za ka wuce ta gefen manyan jiragen dakon kwantena masu shiga Apapa da Tin Can, ka ɗaga kai har hula ta faɗi ba ka ga ƙarshen jikinsu ba. Kayan da ke cika kasuwar Kwari da Singa da aka ce sun zo ta ruwa, da yawansu ta wannan ƙofar suka shigo. Akwai dogayen ganuwar duwatsu da Turawa suka jera cikin teku tun farkon ƙarnin da ya wuce don kada yashi ya toshe mashigar, su ne suka sa ruwan wurin ya fi kwanciya. A bayansa akwai tsohuwar hasumiyar fitila da ke nuna wa jirage hanya da dare. Daga can kana hango Eko Atlantic, unguwar da aka cike teku aka gina a inda Bar Beach take a da.

Wannan rabin yini ne. Mukan cike sauran da gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, wanda aka buɗe a 1957, inda motar da aka harbe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976 take ajiye da ramukan harsashi a jikinta. Sai dai a sani, ranakun hutu Tarkwa Bay wurin shaƙatawar matasa ne, da kiɗa da shigar wanka. Mai tafiya da iyali ya je da sassafe ko a tsakiyar mako.

Ƙarfe nawa ake dawowa?

Muna barin tsibiri kafin la'asar ta yi sanyi, don ba ma yarda duhu ya same mu a kan ruwa, mota kuma ta bar Badagry wajen ƙarfe huɗu. Isowa Agege kuwa sai yadda Okokomaiko ta ga dama. A gaya wa mutanen gida kada su jira da tuwo. A taho da ledar da za a zuba takalmi, don direba ba ya son yashi a motarsa, kuma in ya gani mu yake wa faɗa.